Neman Mai Rumbu a Bakin Teku

Sai da muka bar Agadas da kwana biyu, ina zaune bisa buhunan lalle a bayan wata babbar mota mai zuwa arewa, sannan na yi ƙarfin halin farke fatar da Inna ta ɗinke hoton a ciki. Shekara bakwai hoton nan yana gidanmu, amma sau biyu kacal na taɓa ganinsa, shi ma daga nesa, don Inna ba ta barin hannun kowa ya kai gare shi. Yayana Laminu ne a tsaye da kakin soja, ya riƙe keke. A bayansa akwai wani dutse mai ƙofa a tsakiya, hanya ta ratsa ta cikinta, itace guda ya karkata a ƙolin dutsen, ƙasa kuma ruwa ne shimfiɗe har ƙarshen takardar, da ɗan jirgi mai farin ƙyalle. Na daɗe ina kallo har yashi ya fara taruwa a kai. Na ce a raina, ai wuri irin wannan ba ya ɓata, da na iso zan gane shi.

Ga abin da ya fitar da ni daga ƙauyenmu na kusa da Olelewa. Laminu shi ne ɗan farin Inna, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama inda yake zaune, ko dariyarsa ta ji sai ta juya ta kama wani aiki. Shekarar da aka ɗauke shi soja aka kai shi yaƙin Aljeriya, gero ya yi kyau irin kyan da ake ba da labari. Shi da kansa ya gina rumbun laka a bayan ɗakinta, ya cika shi da dammuna, ya liƙe bakin, ya danna tafin hannunsa a jikin ɗanyar lakar. Har tabon da igiyar rijiya ta yi masa a tsakar tafi ya fito a jiki. Yana wanke hannu yana dariya ya ce, “Inna, kada a buɗe sai na zo.” Maganar saurayi ce mai zaton shekara biyu zai yi. Inna kuwa ta ɗauke ta ta ajiye.

Yaƙi ya ƙare, waɗanda aka tafi da su suka dawo da akwatunan ƙarfe, shi shiru. Ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba. Sai damina biyu a jere suka ƙi mu. Sauran rumbunan suka zama fanko, muka koma jiƙa ƴaƴan anza kwana da kwanaki don ɗacinsu ya fita a samu abin sawa a baki. Kawu Abdu, ƙanen Inna, ya zo da gatari ya ce wannan ya zama hauka, ga hatsi ga yunwa. Inna ba ta yi masa musu ba. Ta je ta zauna ta jingina bayanta da rumbun, ta ce, “Mai rumbu bai ce ba.” Sunan da take kiransa ke nan, mai rumbu. Mun san kewar ɗanta ce take ci mata rai, kuma ba ta da bakin faɗa sai ta wannan hanyar. Liman ya ce abu biyu ne za su warware maganar: ko izini daga bakinsa, ko shaidar mutuwarsa. Wani tsohon soja a kasuwar Tanut ya ce ganinsa na ƙarshe da Laminu yana gadin wata hanya a bakin teku, tsakanin Bijaya da Jijel. Shi ke nan na ɗauki sandata bayan kakar 1965, in je in karɓo kalma ɗaya in dawo da ita kafin shuka, lokacin da yunwa ta fi cizo.

A Tamanghasat na yi mako uku ina sauke tumaki da buhuna kafin in samu wata motar. Can ne na fara sanin sanyin da ke shiga ƙashi. Ɗan Buzancin da na tsinta wurin makiyaya a bakin rijiyarmu ya yi mini rana, shi ya hana ni kwana da yunwa. Daga nan sai Insala, sai Gardaya, kuma a Gardaya aka yi mini wayo.

Wata guda ban ji Hausa ba. Ina zaune a gefen kasuwa sai na ji an ce, “Bawan Allah, daga Damargu ko? Ai na ga zanen fuskarka.” Wallahi sai da ƙwalla ta cika mini ido. Wani dogo ne mai haƙorin zinariya, ya ce shekararsa goma yana fatauci a arewa. Ya saya mini shayi, ya tambayi lafiyar mutanen gida kamar ya san su, ni kuwa na zazzage masa cikina duka, har na ciro hoton. Ya kalla, ya juya bayansa, ya sake kalla, ya yi wani murmushi ta gefen baki. “Wannan dutsen? Na san shi kamar ɗakin uwata. Gobe da hantsi akwai mota, ni zan kai ka. Sai dai direban ba ya ɗaukar baƙo sai an ajiye masa wani abu.” Na miƙa masa bargona, saƙar Tanut, wanda shi ne duk dukiyata. Kwana uku ina zaune a wurin ina jiran hantsin. Daga ranar na rantse ba mai sake ganin hoton nan sai ni, kuma wannan rantsuwa ta fi bargon yi mini asara.

Na isa Bijaya cikin damina irin tasu, wadda ke zuwa da sanyi. Motar ta biyo wani kwazazzabo tsakanin duwatsu tana ta karkata, sai kawai duwatsun suka buɗe. Abin da na fara zata shi ne hadari ne ya gaji ya sauko ya kwanta a ƙasa. Baƙi-baƙi, shuɗi-shuɗi, yana motsi a hankali, ba shi da ɗaya gefen. Mutumin da ya tashi inda raƙumi ke tafiya mai nisa da igiya kafin guga ɗaya ya fito, a nuna masa wannan, ai ba abin da zai ce. Na sauka na tsaya a bakin hanya, ruwa yana dukana daga sama, ga wani a gabana, na ji haushi ya kama ni a kan abin da ban san wanda zan yi wa ba.

Wani mai gidan burodi, dattijo gajere da ake kira Ammi Sa'idu, shi ya tsince ni a ƙofar masallaci ina karkarwa. Bai tambaye ni komai ba. Ya ciro burodi mai zafi daga cikin rigarsa ya tura mini a ƙirji, ya yi mini alama in riƙe shi a nan tukuna kafin in ci. Ya ba ni aikin faskare da wurin kwana a bayan tanda, wurin da ya fi ko'ina ɗumi a garin. A nan na koyi Larabcin kasuwa, mai karyayyen baya amma yana tafiya. Matarsa kuwa ta samu abin dariya a wurina. Mu a gida in ka sha ruwa ya rage, ba ka watsar da shi. Ka mayar da saura cikin tulu, ka zagaya yatsa a cikin moɗa, ka shafa danshin a wuya. Ban taɓa sanin ina yi ba sai da ta kira maƙwabciyarta ta zo ta gani. Ta ce, “Duk ƙasar nan kai kaɗai na taɓa gani yana tausayin ruwa.”

Akwai wani baƙin keke a shagon, mai kwando gaba da baya, da ake kai burodi ƙauyukan bakin ruwa da shi. Tun ranar da na gan shi na sa masa ido. Tunanina shi ne Laminu da keke ya je wurin dutsen nan, to ni ma da keke zan same shi. Ina da shekara ashirin da biyu, na hau raƙumi tun ban yi kaciya ba, amma wannan ƙarfen ya kayar da ni a gaban tsofaffin da ke shan gahawa har sai da suka fara yi mini lissafi da yatsu. Rannan na shige cikin kwandon kifin wata mata, ta bi ni da zagi har kwanar masallaci. Sai wata safiya, ban san me ya faru ba, ƙasa ta sake ni. Na ji ina tafiya ba ƙafata a ƙasa, ba dabba a ƙarƙashina, ba kowa sai iska.

Wata huɗu na yi ina kai burodi. Da asuba in fita, kwanduna suna tururi, in bi hanyar gabas, teku a hagu, duwatsu a dama. Wani lokaci hazo yakan taso daga ruwa ya rufe komai, in riƙa jin ƙarar tayata kawai da numfashin tekun a ƙasa, sai in ga kamar gonarmu ce nake ratsawa cikin raɓa, in ji ana daka a wani gida, in ji tarin Inna. Sai wata mota ta yi mini ƙaho in farka. Kewar gida ba kuka take sa ni ba, barci take sa ni ina bisa sirdi. Duk dutsen da na hango sai na tsaya na ciro hoton na gwada. Amma iyakar burodina wajen yashi ne, manyan duwatsun suna can gaba, ina hango su shuɗaye kamar an jingina su da sama.

Da itatuwa suka fara fure na lissafa watanni, na ga in ban tashi ba shuka za ta same ni a nan. Na faɗa wa Ammi Sa'idu ina neman ɗan'uwana a hanyar Jijel. Ya cire kwandon gaba, ya ɗaura mini burodi da ɓaure busasshe a na baya, ya ba ni famfo da kayan faci. Ya ce, “Keken ya san hanyar gida. Kai dai ka bi shi.”

Mai ƙarfi yana iya cinye hanyar nan a yini guda. Ni kwana uku na yi, don kowace kwana sai na sauka na duba gaba, na juya na duba baya, ko dutsen ta can yake nuna ƙofarsa. Hanya ce da aka sassaƙa a haƙarƙarin dutse. Sama dutse ja ya rataya a kanka, ƙasa kuwa in ka leƙa sai ka hango ruwa yana farfashewa fari can nesa, har tsuntsaye ma a ƙarƙashinka suke shawagi. In hawa ne, in tura keken ina haki, gumi yana shiga ido. In gangara ce, in saki feda, iska ta cika mini riga, ƙamshin wasu itatuwa masu ƙaro ya gauraya da warin gishiri, in ji kamar ba ni da nauyi, ba ni da suna, ba wanda ya aike ni. Nakan ji kunyar wannan daɗin, ina tuna masu jiƙa anza, amma ban iya hana kaina ji ba.

Ƙofofi kuwa na same su, har sun yi yawa. Hanyar takan shige cikin dutse, duhu da sanyi su rufe ka, ruwa yana ɗiga a ƙeya, sannan ka fito cikin haske kamar an sake haihuwarka. Na farko gabana ya faɗi, na jefar da keken na ciro hoton. Ba itace a kai. Na biyu yana da itatuwa amma ba ya kallon ruwa. Na uku ina cikin gwadawa birai suka sauko suka kwance mini rabin burodin, babbansu ya zauna a kan dutse yana ci yana kallona kamar shi ya san abin da ban sani ba.

Rana ta biyu da azahar, a wata doguwar hawa, na tarar da duwatsu sun zubo sun tare rabin hanya. Mutum ɗaya ne a wurin da shebur da baro, irin ma'aikatan da ke share hanya. Baƙi ne kamar ni, amma akwai baƙaƙen mutanen Sahara da yawa a irin wannan aiki, ban yi mamaki ba. Ya naɗe fuskarsa da rawani saboda ƙura, ido kawai ake gani. Na yi masa sallama da Larabci, ya amsa ƙasa-ƙasa. Ya daɗe yana kallona. A jikin dutsen akwai wani bututu da ruwa ke kwarara daga ciki dare da rana, yana bin gefen hanya yana faɗawa teku. Ya tari ruwa a gwangwani ya miƙo mini da hannu biyu. Na sha, na miƙa masa, na gode. Idona yana can kan wani tsauni da na hango a gaba mai kamar itace a ƙoli. Na hau na wuce, ko waiwaye ban yi ba.

Jijel gari ne fari a kwance a bakin ruwa. Na shige shi da la'asar ta rana ta uku, duwatsu sun ƙare, ƙofofi sun ƙare, ban ga nawa ba. Ina tura keken a wani lungu ina neman masallaci, sai na wuce wani shago da ƙofarsa a buɗe, na dawo da baya. Ga dutsena a ciki. Ga ƙofar, ga hanyar, ga itacen a karkace, ga ɗan jirgin. An rataye shi a bango da ƙusoshi, gefensa ɗaya ya yage, danshi ya ci ƙasan tekun. A gabansa ga keken, an kafe tayoyinsa a jikin katako, ko sarƙa ba shi da ita.

Mai shagon, wani tsoho mai tabarau, ya fito yana tambaya ko hoto nake so. Na karya rantsuwata na miƙa masa namu. Ya gyaɗa kai ya ce aikinsa ne. Na tambaye shi ina wannan wurin yake, na gaskiyar. Ya ce, “Babu shi, ɗana. Mahaifina ya zana shi da fenti, daga kansa ya ciro. Sojoji suna sonsa, kowa ya zo sai ya riƙe keken nan ya aika gida.” Na ce ko ya tuna wannan? Ya ɗaga hoton kusa da tabarau, ya girgiza kai. Ya ce sun yi yawa, kuma duk tsayuwa ɗaya suke yi. Na matsa na taɓa dutsen da yatsa, ya lotsa. Sai a lokacin na gane murmushin mai haƙorin zinariya. Wata bakwai ina bin zanen da ke jikin ƙyalle, har na koyi keke don in bi sawun mutumin da wataƙila bai taɓa hawa ba. Na yi dariya a shagon nan har tsohon ya tsorata ya kawo mini kujera.

Washegari da safe ina zaune a bakin famfon kasuwar kifi, ban san abin da zan je in ce wa Inna ba. In ce ya mutu, ƙarya ce, in ce yana raye, ƙarya ce. Na tari ruwa a gwangwanina na sha, na juye sauran a buta, na zagaya yatsa na shafa a wuya. Wani mai kifi ya kwashe da dariya, ya nuna mini famfon da ke zuba ba mai rufewa. Hannuna yana wuyana na tsaya cak. Mai share hanyar nan, da na miƙa masa gwangwani, abin da ya yi ke nan. Ya juye sauran a butarsa, ya zagaya yatsa, ya cusa hannu ƙarƙashin rawani ya shafa a wuya, ga ruwa yana kwarara a banza kamu ɗaya daga kafaɗarsa. Na gani da idona, amma ban ga komai ba, don a wurina haka kowane ɗan Adam yake shan ruwa.

Ban san yadda na yi hanyar nan ba. Ban kalli teku ba, ban kalli dutse ko ɗaya ba. Rana ta karkata na hango baron a gefen hanya, shi kuma yana zaune a kan katangar da ke bakin ramin, ya juya baya, kamar mai jira. Na jingina keken. Ban yi sallama ba. Na kama hannunsa na dama na juya tafin, ga tabon igiya ya ratsa shi daga gefe zuwa gefe.

Na ce, “Yaya.”

Ya sauke rawanin. Gemunsa ya yi furfura, shi da bai kai talatin da biyar ba. Hausar ta fito masa da ƙyar kamar ƙofar da ta daɗe a rufe. “Mutari. Ka yi tsawo.” Sai can ya ce, “Tsohuwa tana nan?”

“Tana nan. Ka gane ni shekaranjiya?”

“Tun kana turo keke daga ƙasa. Tafiyar baba gare ka.”

“Ka bar ni na wuce?”

“Na bar ka.”

Zuciya ta ɗebe ni. Na faɗa masa komai a tsaye, da faɗa: damina biyu, anza, gatarin Kawu, Inna da bayanta a jikin rumbu. Da na zo kan rumbun sai ya rufe fuska da hannu. Ya ce shi ya manta ma ya yi wannan maganar.

Muka zauna ƙafafunmu suna lilo a kan ramin. Ya nuna mini wani ƙauye can sama a kafaɗar dutse. Ya ce mutanen nan su ma suna gina rumbu na laka, sai dai a cikin ɗaki, mata ke ginawa, suna yi masa ado da yatsu. “Wata safiya aka ba mu oda mu hau can. Aka ce hatsinsu ne ke ciyar da ƴan tawayen da ke daji. Ni aka miƙa wa galan ɗin fetur, Mutari. Na fasa, na zuba, na ƙyasta. Sha'ir ne da ɓaure, abincin shekara. Wata tsohuwa tana tsaye tana kallona. Ka san warin hatsi in yana ci da wuta? Ni ɗan Damargu, da aka yi mini duka don na taka zangarniya ɗaya.” Ya ce bayan kwana kaɗan ya ajiye bindiga ya gudu, kuma ƙafarsa ba ta kai shi ko'ina ba sai ƙofar tsohuwar nan. Ta ɓoye shi a wurin awaki har yaƙi ya ƙare. Ƴaƴanta biyu ba wanda ya dawo. Yanzu shi ke noma mata ɗan tudunta, shi ke kai mata abin da ya samu a aikin hanya.

Na ce, “To ko takarda ai ka sa a rubuta.”

“In ce a rubuta me?”

Na roƙe shi mu tafi. Na roƙe shi da Allah, na roƙe shi da nonon da muka sha. Ya ce tsohuwar da ta ɓoye shi ba ta gani yanzu, in ya tafi ba mai ɗora mata tukunya. “Inna tana da kai, tana da Kawu. Wannan ni na ƙona nata, ni kaɗai gare ta. In Allah ya ɗauke ta ina da rai, zan zo.” Na ce to ya ba ni abin da na zo nema, kuma ya ba ni shaida, don Inna ba za ta yarda da bakina kawai ba. Ya kalli ruwa. Ya ce, “Ka ce mai rumbu ya ce a buɗe. Ka ce damin da ke sama, wanda aka ɗaure da gefen baƙin zanenta, ni na yage shi ba ta sani ba, ta yafe mini.”

Na ce ya hau keken in gani ko sau ɗaya. Ya yi dariya, irin dariyarsa ta da, ya ce bai taɓa iyawa ba.

Na mayar wa Ammi Sa'idu kekensa, matarsa ta cika mini buta ta ce in je in ji tausayinsa a hanya. Na iso gida ana kallon gabas ana jiran hadarin farko. Inna ta rame har zobenta ya koma babban yatsa. Ta ba ni ruwa, ta tambayi hanya, ta tambayi sanyi, ba ta tambayi wanda aka aike ni wurinsa ba. Na isar da saƙon a gaban Kawu da Liman. Da na zo kan baƙin zane, sai ta sunkuyar da kai tana tsintar wani abu a tabarma da ba ya nan. Zancen wutar ban faɗa ba, kuma ban ce dutsen ƙyalle ne ba. Har ta rasu tana nuna wa mata shi a hoton.

Can ta ce, ba ta kalle ni ba, “Can inda ka je, suna da ruwa?”

Na ce, “Inna, daga jikin dutse yake fitowa. Ba guga, ba igiya.”

Ta ce, “To, hannunsu ya huta.”

Ta tashi da kanta ta ɗauko gatarin ta miƙa mini. Na hau tsani, tana ƙasa tana riƙe da shi. Ta ce, “Ka bi gefe. Kada ka taɓa hannun.” Na sassaƙe lakar a hankali na ciro tafin ɗungurungum na miƙa mata. Ga damin a sama da baƙin ƙyalle. Ƙwari sun ci kusan rabi, amma abin da ya rage ya kai gidanmu da gidan Kawu har sabon gero.

Laminu bai zo ba. Inna ta ƙara shekara shida. Ranar da mata ke kwashe kayan ɗakinta suka samu guntun lakar nan a ƙarƙashin matashinta, suka kawo mini suna tambaya mene ne. Ba su gane hannu ba ne, don yatsun da tabon igiyar duk sun shafe, lakar ta yi sumul saboda shafawa.